Na Yi Wa Maganin Ɗana Awo Irin Na Hatsi

Assalamu alaikum, masu wannan mujalla da masu karanta ta. A lokacin da abin nan ya faru, ni tsohuwa ce mai riƙe da makullin rumbu a wani gidan manoma, a ƙauyen da ke gefen Ɗambatta. Ban yi boko ba, allon ma iyakata abin da zan yi salla da shi. Surukata ce take rubuta wannan, ina faɗa tana sawa a takarda, kuma na gargaɗe ta kada ta sassauta mini ko kalma ɗaya don ta rufa mini asiri. A garinmu an san ni da ido, an san ni da faɗa. Akuya ba ta fara ramewa a gidana ban riga mai ita gani ba, kuma yarinya ba ta zubar da tsaba a gindin turmi ta wuce ban dawo da ita ta tsince ba. Gonakinmu ƙanana ne, iyakar wannan tana jikin iyakar wancan, ba a barin ƙasa ta huta, sai dai a yi ta kai mata taki a kan jaki. Abin da aka girba a kaka shi ne zai kai mu wata kakar, kuma ni ce mai rabon sa.

Rabon nan a wurin uwar mijina na koye shi, a shekarun fari, ina da ɗanyen aure. Ita ta nuna mini cewa tun rumbu yana cike ake rage awo, tun yara ba su san an rage ba, domin ranar da aka ga ƙasan rumbu babu sauran dabara. Da wannan na fitar da gidan nan daga yunwa sau biyu. Maƙwabta sun sayar da fartanya da garma sun tafi cirani, mu ba mu sayar da ko kaza ba. Ina faɗar wannan ne don a gane cewa abin da na yi wa ɗana da abin da na fi iyawa a duniya na yi shi, kuma ina yi ina jin kaina daidai.

Ɗan da nake magana ɗana ne na fari. Wanda ya tashi a irin gidajenmu ya san abin da hakan yake nufi. Tun da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, ni kuwa ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba. In ya zo gaishe ni daga bakin ƙofa yake durƙusawa, in amsa ina kallon wani wajen. In ina da magana da shi, matarsa nake faɗa wa ta kai. Da mahaifinsa ya rasu shi ya riƙe gandu, ya aurar da ƙannensa, kuma tun yana yaro har ya yi furfura a gemu ban taɓa cewa a yi ya ce a bari ba. Mata sukan ce mini na yi dace da ɗa, ni kuma in yi kamar ban ji ba, alhali zuciyata fal take.

Ni na fara ganin ciwon. Na lura yana dawowa daga gona tun rana ba ta take ba, rigarsa jiƙe da gumi ko da sanyin safiya, kuma kwanon tuwonsa yana dawowa an ci loma uku an bari. Matarsa ta ce mini gefen cikinsa na hagu ya yi tauri kamar an sa dutsen niƙa. Na ce saifa ce, na jiƙa saiwoyi na aika. Bai yi ba. Aka kai shi Ɗambatta, daga can aka tura su babban asibiti a Kano. Suka dawo da labarin cewa sankarar jini ce, irin mai tafiya a hankali, wadda take fitowa daga ɓargo. Aka ce ba sammu ba ne, ba gado ba ne, ba a kuma ɗaukar ta. Aka ce akwai ƙwayar magani da zai riƙa sha kullum bayan ya ci abinci, kuma in ya riƙe ta zai iya tsufa kamar kowa. Da yake duk abu mai daraja a gidan a ɗakina yake kwana, kwalbar maganin ma nan aka kawo ta. Kullum da safe surukata takan zo da ƙwarya ta karɓi awon yini, sai in ɗora mata ƙwayar a kan faifai ta kai masa bayan ya ci ɗumame.

Maganin kuwa ya yi aiki, abin har da mamaki. Kafin wata uku cikin ya sace, ya koma cinye tuwonsa har yana neman ƙari. Fatarsa ma ta yi haske, aka ce aikin maganin ne. Taubasansa suka sa shi gaba a bakin masallaci, wai ashe mai na mata yake shafawa a ɓoye, wai ya faɗa musu yarinyar da yake wa wannan kwalliya su je su kai masa gaisuwa. Ina jin su ta katanga ina daka, ban san lokacin da na yi dariya ni kaɗai ba.

A asibitin gwajin jini iri biyu ake yi masa. Na farko a ranar ake ba da sakamako, shi ne mai nuna yawan jinin da kyansa, kuma wannan tun da wuri aka ce ya daidaita. Na biyun sai an aika da jinin wani wuri mai nisa, a jira makonni. Surukata ta yi sakandare, ita take raka shi, ita ta yi mini bayani kamar yadda likitar da take duba shi ta yi musu. Ta ce a cikin ƙwayoyin jini akwai wasu zarurruka da ido ba ya gani, waɗanda halittar mutum take a kansu. A ɓargon ɗana biyu daga cikinsu sun tsinke sun ƙulle da juna ba daidai ba, kuma wannan ƙullin shi ne tambarin cutar. Gwaji na biyu ƙullin yake ƙirgawa. Ta ce kamar a ɗebi mudun gero ne a duba ƙwaya nawa ƙwaro ya huda. Da farko kusan duka, sannan ana so ya sauka ƙasa da goma cikin ɗari, sannan ƙasa da ɗaya cikin ɗari, har ya kai ɗaya cikin dubu. Nasa ya kai can a shekara ta biyu, likitar har ta yi masa barka. Na saurara har ta gama, na ce mata ni dai na ga mutum yana huɗa kadada guda a yini, wannan ya ishe ni gwaji.

Sai shekarar annoba ta zo, aka rufe hanyoyi, motar Kano ta daina tashi. Maganin ya ƙare, muka yi wajen mako uku babu ko ƙwaya ɗaya. Kullum in buɗe kwalbar nan in leƙa, kamar wani zai zuba mini a ciki. Ban taɓa jin tsoro irin na kwanakin nan ba, ko a shekarun fari. Da aka buɗe hanya aka samo magani, sai na dube shi na ga babu abin da ya same shi, yana nan da ƙarfinsa. Daga nan na ɗauki abu biyu na riƙe. Na ce ashe maganin nan yana iya yankewa kamar ruwan sama, kuma ashe jiki yana jure rashin sa na ɗan lokaci. Bayan annoba kuma tsada ta shigo, zuwa Kano ya zama aiki, taki ya gagara, damina ta yi mana gardama. Na rage awon gero kamar yadda na saba. Wata safiya ina riƙe da kwalbar, sai na ji a raina cewa wannan ma hatsi ne, kuma ni ce aka ba wa amanar sa.

Ran nan surukata ta karɓi awo ta tsaya tana jiran ƙwaya. Na ce mata yau hutu, gobe ta zo ta karɓa, kuma daga yau haka za a riƙa yi, rana a sha rana a huta. Ta ce Inna, likita fa cewa ta yi kullum. Na ce ita likitar tana ina ranar da muka yi mako uku muna kallon kwalba wayam? Na tambaye ta ko ita ta haife shi, ko ta fi ni son sa. Ta sunkuyar da kai ta tafi. Bayan kwana biyu ta dawo ta ce maigidan ya ce a tuna mini abin da aka faɗa a asibiti. Na ce ta gaya masa na ji, kuma na san abin da nake yi. Bai sake aiko da magana ba. Washegari ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ni kamar kullum. Na ɗauki shirun nan a matsayin ya yarda.

Ƙwayoyin da nake ragewa ina zuba su a wani gwangwanin madara, in rufe, in tura ƙasan adaka. In lokacin karɓo magani ya yi su je su karɓo kamar an shanye na baya. Na kuwa sa masa ido fiye da da. Ina duba kwanonsa, ina duba tafiyarsa, ina sauraren tarinsa daga turaka. Ya yi noman firi, ya yi maimai, ya cire gyaɗa, ya ɗaure dammunan gero da hannunsa. Gwajin nan na rana ɗaya ma aka ce lafiya lau. Wata da watanni muna haka, gwangwani yana nauyi, ni kuma in na girgiza shi sai in ji sanyi a raina. Ina cewa ko gobe aka sake rufe duniya, ɗana yana da na rabin shekara a ɗakin uwarsa.

Abin da ban sani ba shi ne, gwaji mai nisa ya riga ya fara magana. Sakamako ya dawo ƙullin ya ƙaru. Likitar ta tambaye shi ko yana tsallake magani, ya ce kullum yake sha. Ta ce to a sake bayan wata uku. Bai faɗa mini ba, ya kuma hana matarsa. Aka sake, ya dawo ya fi na baya nesa ba kusa ba. Washegarin dawowarsu surukata ta zo bakin ƙofata babu ƙwaryar awo a hannunta. Na ce ina ƙwarya, ko yau azumi za mu yi? Ta ce yau ba hatsi ta zo karɓa ba, in ina so in kore ta gidan ubanta in kore ta, amma sai ta faɗa. Ta ce likita ta sake tambayar sa har sau uku, ya rantse da cewa kullum yake sha, ita kuma da ta buɗe baki sai ya harare ta. Ta ce likitar ta ce in gaskiya kullum yake sha, to cutar ta fi ƙarfin maganin ke nan, kuma in aka bar ta tana hawa za ta iya juyewa daga mai tafiya a hankali ta zama mai gudu, wadda ba kasafai ake kamo ta ba. Ta ce Inna, mutumin nan ya gwammace ya mutu da ya ce a gaban baƙuwa uwarsa ta yi kuskure. Tana faɗa tana kuka, ni kuwa ina zaune da mudu a hannu na kasa ajiye shi.

Ranar asibiti ta gaba na riga su shiryawa. Na ɗaure gwangwanin a bakin zane, na yafa mayafi, na ce da ni za a je. Ɗana ya dubi matarsa, matarsa ta dubi ƙasa. Muka hau bas a Ɗambatta, shi a gaba mu a baya, har Kano. Likitar yarinya ce, ba ta fi ƙaramar 'yata ba. Ta ce sannu da zuwa Hajiya, na ce mata ban je Makka ba tukuna, ta kira ni Inna kawai. Na kwance gwangwanin na juye shi a kan teburinta, ƙwayoyi suka watse har wasu suka faɗi ƙasa. Na ce mata ɗana ba maƙaryaci ba ne, sau biyun nan da ya yi mata ƙarya domina ya yi. Na faɗa mata komai, tun daga makonni ukun nan har zuwa ranar. Na shirya ta zage ni, don da ni ce a kujerarta da na yi faɗan da za a ji a bakin titi.

Ba ta yi faɗa ba. Ta tashi ta tsince na ƙasa, sannan ta jawo takarda ta zana mini layi, tunda ta ga ba na karatu. Layin ya gangaro kamar gangaren rafi, ya kwanta a ƙasa, sannan ya ɗaga kai ya fara hawa. Ta ɗora yatsa a inda ya juya, ta tambayi surukata watan da aka fara hutun magani, sai ga shi daidai wurin ne. Ta tambaye ni ko a gonarmu akwai ƙuduji, wannan ciyawa mai jan fure da take kashe gero. Na ce wa ya fi ni sanin sa. Ta ce to yaushe yake fara shan geron, ranar da furen ya fito? Na ce a'a, tun yana ƙarƙashin ƙasa yake kama saiwa, kafin a gan shi ya gama ɓarna. Ta ce to idona fure yake gani, gwaji na rana ɗaya ma fure yake gani, gwaji mai nisa shi ne mai tona ƙasa. Ta ce maganin ba ya kashe cutar gaba ɗaya, danne ta yake yi, kuma duk ranar da aka ɗaga mata sai ta numfasa. Sannan ta ce na kyauta da na zo, domin yanzu ta san abin da take nema.

Aka mayar da shi kan magani kullum, aka kuma ɗebi jini don wani gwaji na daban, mai duba ko ƙullin ya sauya kama. Muka jira. Sakamako ya zo cewa ya sauya, ta yadda maganin farko ba ya iya riƙe shi kamar da. Na tambayi likitar kai tsaye ko ni na jawo. Ta ce ba za ta iya rantsewa ba, domin hakan yana faruwa har ga wanda bai taɓa tsallake rana ba, sai dai tsallakewa tana ba cutar fili. Na san tana rage mini nauyi ne, kuma na gode mata, amma ban karɓa ba. Aka sauya masa wani magani mai ƙarfi, wanda samun sa ya fi wuya. Ƙwayoyin da na tara kuwa, waɗanda nake girgizawa ina jin daɗi, ba su da sauran amfani a wurinsa. A asibitin muka baro su.

Bayan wannan da 'yan kwanaki, da la'asar, na tarar da shi a gindin ɗorawar bayan gida yana gyara ƙotar fartanya. Na yi abin da ban taɓa yi ba, na zauna a gefen tabarmarsa. Ya zabura zai tashi, na ce ya zauna. Na ce masa ya yafe mini. Ya ce subhanallahi Inna, ina ni ina yafe miki, ya yi ta kallon ƙotar nan kamar yau ya fara ganin ta. Na ce to me ya hana shi zuwa da kansa ya ce mini a'a, tunda ya san gaskiya? Ya ajiye ƙotar. Can ya ce yana yaro a shekarar yunwa, daga ɗakin kakarsa yana hango ni ina raba tuwo, in zuba wa kowa, ni kuma in kankare tukunya in sha ruwa a kai. Ya ce tun daga ranar bai ga abin da zan rage masa ya yi ƙorafi ba. Ya ce kuma duk safiyar da faifai ya zo babu ƙwaya, ya san tana ɗakina da sunansa a kai, kuma a duk rayuwarsa bai taɓa sanin ina ajiye masa wani abu shi kaɗai ba. Na juyar da kai ina kallon karan dawa, shi ma ya juyar da nasa, muka zauna a haka har aka kira magariba.

Yanzu yana nan da ransa, alhamdu lillahi. Layin ya sake gangarowa, amma a hankali, kuma har yau bai koma inda yake a da ba. Sabon maganin yana sa shi haki, wani lokaci sai an duba ƙirjinsa. Mutumin da yake huɗa kadada a yini yanzu kunya goma yake yi ya nemi inuwa, ƙannensa su ƙarasa. Kwalbar tana ɗakin matarsa, ni na kai ta da hannuna. Ranar ɗibar jinin gwaji mai nisa kuwa, ko shuka ake yi sai an ajiye an tafi, kuma in sakamako ya zo sai an zana mini layin na gani.

Ga abin da nake so in faɗa wa mata irina, masu ido da riƙo, waɗanda gida yake tafiya a kan maganarsu. Idonku yana da iyaka. Akwai ciwon da yake aiki a inda uwa ba ta gani, mutum yana ci yana sha yana dariya. In an ce a sha magani kullum, a sha kullum. In kuna tsoron ya yanke, ku je ku faɗa wa likita tsoronku da bakinku, kada ku yanke hukunci a ɗaki ku kaɗai. Wanda kuma yake jinya, in an tambaye shi yadda yake shan magani ya faɗi gaskiya ko wa za ta taɓa, domin da maganarsa ake auna abin da za a yi masa. Sannan ku ji tsoron gidan da babu mai iya ce muku a'a. Ni na gina irin wannan gida da hannuna, ina alfahari da shi, kuma saura kaɗan ya cinye mini ɗa.

Makon jiya na ji hakinsa ya yi yawa, na jiƙa wani sassaƙe da na san yana buɗe ƙirji, na miƙa wa surukata na ce ta kai masa. Ta dubi ƙoƙon, ta dube ni, ta ce a'a Inna, sai an tambayi likita ko ba zai yi faɗa da maganinsa ba. A gaban 'ya'yanta ta faɗa, ko muryarta ba ta rawa. Na karɓi ƙoƙona na zuba wa bishiyar zogale, na shiga ɗaki na yi wa yarinyar nan addu'ar da ban taɓa yi wa 'yar da na haifa ba.